Na Zaune Bai Ga Gari Ba

Jama'ar rumfar shayi ta bakin kasuwar Dindir, da ku nake. Ina gaishe ku gaisuwar wanda ya je ya dawo, ku kuma ku amsa amsawar waɗanda benci ya san nauyinsu. Shekara goma ke nan da ɗoriya ina ba ku labarin Malabo kuna biya na da shewa. To, yawun bakina ya ƙafe. Yau a takarda zan sa, don gobe jikokinku su karanta su san irin kakannin da Allah ya jarrabe su da su.

Na lura kun kasu kashi uku. Akwai masu cewa garin ma babu shi, ni na ƙaga shi ina kwance a kan angarib bayan na ƙoshi da asida. Akwai masu cewa garin yana nan, amma ƙafata ba ta taka shi ba. Sai kashi na uku, dattawa, waɗanda suka yarda akwai garin, suka yarda na je, suka kuma yanke hukunci cewa zuwan nawa shi ne babbar shaidar ƙarancin hankalina. Kowa zai samu rabonsa. A yi haƙuri, a bi layi.

Mu fara da kai, ɗan Gwaggo, sarkin musu, taubashin da in aka nuna masa jinjirin wata sai ya ce fitilar lori ce. Hujjarka wai a Afirka ana Larabci, ana Turanci, ana Faransanci, amma Sifaniyanci sai a bakin 'yan Real Madrid da Barcelona. Kai da iyakar tafiyarka Madani, ita ma don haƙori ya hana ka barci, kai ne za ka ƙidaya wa Afirka harsunanta? Buɗe kunne ka sha karatu kyauta.

Tsibiri ne a cikin teku, sunansa Biyoko, a ƙasar Ikwatoriyal Gini, kilomita 32 kacal daga gaɓar Kamaru. Turawan Fotugal suka iso shi wajen 1472, aka laƙaba masa sunan matuƙin jirginsu, Fernando Po, sai ka ce ba su tarar da kowa ba, alhali mutanen Bubi suna nan da sarakunansu da gonakin doyarsu. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifaniya a takarda, yadda ake musayar gona ba a tambayi kuturun da ke bakin kunya ba. A 1827 Ingilishi suka kafa gari a bakin ruwan suka kira shi Kalarens, sansanin jiragensu masu tare 'yan safarar bayi. Daga baya Sifaniya ta dawo ta karɓe kayanta, ta sa wa garin Santa Isabel don girmama sarauniyarta. Ƙasar ta samu 'yanci ranar 12 ga Oktoba 1968, a 1973 kuma aka sake yanka wa garin rago aka kira shi Malabo, sunan wani sarkin Bubi. Gari ɗaya, suna uku. Kai ko ɗaya ba ka sani ba, amma kai ne mai ɗaga murya.

A Janairun 2012 na je, wata shida bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle, lokacin da ƙungiyar ƙwallon Sudan ta samu shiga gasar cin kofin Afirka da Ikwatoriyal Gini da Gabon suka ɗauki baƙunci. Wani ɗan'uwanmu da ke fatauci a Duwala ya ce in zo mu tsallaka tare. Na sayar da riɗina da maraƙi ɗaya, maraƙin da har yau Kaka take yi wa zaman makoki. Na hau mota zuwa Sinnar, daga nan Madani, daga nan Hartum. Jirgi ya fara kai ni gabas, Adis Ababa, kafin ya juya da ni yamma. Hanyar da kakanninmu suka yi shekaru suna ja da jaki da sanda, ni na kwance ta a yini guda, ana ba ni abinci a faranti. Daga Duwala zuwa Malabo kuwa, ban gama gyara rawanina ba aka ce a ɗaura ɗamara za mu sauka.

Abin da ya fara gaishe ni iska ce. Ku da kuke fahariya da zafin Dindir, ku sani zafi iri biyu ne. Namu zafin tanda ne, ya gasa ka ya bar ka a bushe. Nasu zafin tukunyar dambu ne, turara ka yake yi. Kafin in fita daga filin jirgi jallabiyata ta manne mini a baya kamar na yi iyo da ita. Na wanke ta da magariba na shanya, da safe na tarar da ita yadda na bar ta, sai ma ƙarin wari. Wai kuma wannan shi ne raninsu. Ciyawa na fitowa a jikin bango, ganye na leƙowa ta rufin kwano, sandar da aka kafa a shinge sai ta yi toho. Mu da muke duban gabas tun watan Yuni muna roƙon Allah, mun je ƙasar da ake yaƙi da tsiro da adda.

A nan ne Kawu mai gonar dawa ya fara girgiza kai, don haka bari in ƙara masa ciwo. Ruwan da ke sauka mana a damina mai albarka ba ya cika mita ɗaya. A kudancin tsibirin akwai ƙauye mai suna Ureka, inda ruwan shekara ke haura milimita 10,000. Mita goma, Kawu. A ɗora ɗakinka a kan ɗakinka sau uku, ruwan ya shanye su har da zakaran da ke kan tsaiko. A bayan Malabo kuma akwai dutse, Basile, tsawonsa mita 3,011. Kwana huɗu ina garin ban san da shi ba, hazo da gajimare sun lulluɓe shi. Ran na biyar da asuba na fito alwala, na ɗaga kai, sai na ga rabin sama ya zama baƙi. Na yi salati na saki buta. Jabal Moya da kuke kai baƙi su gani, in aka ajiye shi a gindin wannan, sai a ɗauka suri ne.

Sai tashar jiragen ruwa, wadda dominta aka yi garin. Ku ɗauki ƙwarya ku fasa ta biyu, ku nutsa rabin a ruwa, bakinta a sama. Haka wurin yake, don bakin tsohon dutse mai aman wuta ne da teku ta cika. Garin yana bisa gefen ƙwaryar, jirage suna ƙasa a cikinta. Na tsaya a bisa da hantsi ina leƙe. Duwatsun gaɓar baƙaƙe ƙirin kamar gawayi. Wani jirgi da ya fi kasuwar Dindir tsawo yana sauke akwatunan ƙarfe, masunta kuma suna gilmawa ta gindinsa a kwalekwale kamar ƙudaje a jikin sa. Hanyar da ke hawowa daga bakin ruwa zuwa gari sunanta Hawan Zazzaɓi, don a zamanin da, Bature kan sauka daga jirgi lafiya ƙalau, ya hau ta, bai daɗe a sama ba sauro ya gabatar masa da kansa. Na sauka ta nan, na tsoma hannu, na ɗanɗana. Gishiri zalla. Da dare kuma, can yamma da gari a Punta Yuropa, wutar masana'antar gas tana ci a sama kamar an rataye gobara.

Kaka, na ji saƙonki. Kin ce ruwan da ba a sha, ba a dafa wake da shi, ba a ban-ruwan albasa da shi, ba ruwa ba ne, asara ce mai faɗi. Kin kuma ce mijin da ya sayar da maraƙi don ya je ya ɗanɗana gishiri, sakinki ya fi zamansa. To, uwargida, ki riƙe takardarki tukuna. Allah gafarta Malam Liman, wanda bai taɓa goyon bayana a kan komai ba, shi da bakinsa ya ce ruwan teku yana alwala. Ke kuma gishirin da kike zubawa a miyar kuɓewa, daga ina kike tsammani ake kwaso shi in ba daga bakin teku a Bur Sudan ba?

Yanzu kashi na biyu, masu cewa ina hoto. Wannan tambaya ita ce ƙayar da ta daɗe a ƙafata, yau zan cire ta a gaban kowa. A tsakiyar garin akwai dandali, a bakinsa akwai babbar majami'a mai hasumiya biyu masu tsini, kowace mita 40, launinta kamar cikin gwanda. An fara gina ta a 1897 aka gama a 1916. Na zauna a kan wani benci mai ado da tangaran, ga inuwa, ga iskar teku, ga tsofaffi sun sa hular malafa suna hira. Na ce wannan kam sai mutanen Dindir sun gani. Na ɗaga waya. Ban san cewa ginin da ke maƙwabtaka da majami'ar fadar gwamnati ba ce. Ban sauke hannu ba sai ga wani mai kaki a kaina. Ya yi mini Sifaniyanci, na yi masa Larabci. Ya ƙara Sifaniyanci da ƙarfi, na koma Hausa da ladabi. Ya karɓi wayar, ya shiga dannawa da babban yatsa a natse kamar mai jan carbi. Da ya miƙo mini, babu majami'a, babu teku, babu dutse, babu hotunan sunan ɗan ƙanwata, babu ma hoton maraƙin Kaka na ƙarshe. Kalma ɗaya na iya a lokacin, ita na ba shi: girasiyas. Wato na gode.

Na san ba ku yarda ba. A Janairun 2020 da labari ya zo cewa gobara ta cinye rufin wannan majami'a, ɗan Gwaggo ya taka har gida, ba jaje ya kawo ba, cewa ya yi: "Ɗan Kawu, ka ga ikon Allah, shaidar taka ma ta kama da wuta." Haka kuma kuka ce kun kalli wasanmu da Kwaddibuwa a talabijin ɗin kulob daga farko har ƙarshe ba ku gan ni ba. Bayin Allah, fili ne mai cin mutum dubu goma sha biyar, kuma mai ɗaukar hoto an biya shi ne ya bi Drogba, ba rawanina ba. Ina bayan raga ranar 22 ga Janairu lokacin da Drogba ya sa mana ita da ka, aka tashi ɗaya da nema. Ina nan ranar 26 muka yi biyu da biyu da Angola, Manucho ya ci biyu, Bisha ya rama biyu, na yi ihu har muryata ta koma ta agwagwa. Wasan da muka ci Burkina Faso biyu da ɗaya, nasararmu ta farko a gasar tun kofin 1970, a Bata aka yi, can tsallaken ruwa, ni ma a talabijin na gani kamar ku. Da maƙaryaci ne ni, ai da na ce ina can. A Batan ne kuma Zambiya ta sallame mu da uku, ta wuce ta ɗauki kofin. Wannan ko an gayyace ni ba zan ce na halarta ba.

Tunda hoto ya gagara, ga shaidar da mai kaki bai iya gogewa ba. Tun muna yara tsofaffi ke yi mana kirarin rimi adon gari, suna ba mu labarin rimayen Zariya da na Kano. Mu nan aduwa muka sani, da goriba, da kuka. Ban taɓa sa rimi a ido ba sai a Malabo: dogo sambal, saiwoyinsa sun tashi kamar katangu har mutum ya ɓuya a tsakaninsu. Ashe a tsakiyar tutar ƙasar ma shi ne, da taurari shida a bisansa. Na dafa shi na tsaya shiru, ɗan'uwana yana tambaya ko jiri nake ji. Da magariba kuma jemagu suka taso daga itatuwan bakin ruwa, dubbai, manya kamar hankaki, suka rufe sama suna tafiya kiwo. Wanda ya ƙaga labari a kan angarib ba ya ƙago jemage.

Shaida ta biyu harshensu. Na je ina tsoron zan zama kurma, sai na tarar rabin kayan kicin ɗinsu da sunanmu suke amsawa. Sukari asukar. Shinkafa aros, ruz ɗin nan namu na kanti. Man girki asaite, wato zait. Matashin kai almuwada, makhaddar da kuke kwana a kai. Kofin shayi tasa. Magajin gari alkalde, kalmar da ta fito ciki ɗaya da alƙalinmu. In suna fatan abu sai su ce ohala, 'yar'uwar in sha Allahu. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san Musulmi sun zauna a Andalus daga 711 har 1492. Kalmomin sun hau jirgi daga can, sun zagayo teku, mu kuma namu sun biyo rairayi da raƙumi, muka haɗu a kan teburin mai abinci. Wadda ta fi kashe ni da dariya ita ce fulano, ma'anarta wane. A Sudan duk wanda ya fito daga yamma Fallata ne, ko Bahaushe ne ko Babarbare. A Malabo duk wanda aka manta sunansa fulano ne. Maƙwabtanmu na ruga, ina taya ku murna, sunanku ya riga ku ƙetare teku. Akwai kuma manyana, wato gobe. Kowane ofis ka je, manyana. Nan na gane bukra tamu tana da ƙanwa a gidan miji.

Shaida ta uku ita ce mai zafi. Wata rana bayan la'asar, a kusa da kasuwar Semu, hancina ya kama ƙanshin da ko a kabari zan gane: nama a kan wuta, da ƙuli da yaji. Na bi shi har gindin wata rumfar kwano. Ga mutum da 'yar hula yana juya tsinke yana yayyafa mai. Na ce agashe nawa? Ya dube ni. Na ce tsire. Ya saki wuƙa ya ce: "Kai, Bahaushe ne?" Mutumin Ngaundare ne, ya shekara ashirin a tsibirin, a can kuma soya suke ce wa naman. Ya shimfiɗa mini buhu, ya yanka mini na kirki, ya ce a nan duk Musulmin da ya sa doguwar riga, ko daga Mali ya zo, Hausa ake ce masa. Sai ya tambaye ni gida. Na ce Dindir, ƙasar Sudan. Ya ce a'a, asali yake tambaya. Na ce nan aka haife ni, nan aka haifi ubana, muna da garuruwa, da limamai, da gonaki, daga Mai Wurno har Damazin, har Gadarif. Ya yi murmushi irin naka sak, ɗan Gwaggo, ya ce: "Haba Malam. Gari guda na Hausawa a ƙasar Larabawa? Kai dai faɗi gaskiya, daga Makka aka koro ka." Ya ce Hausata ta tsofaffi ce an kwaɓa da Larabci. Na ce tasa an jiƙa ta da Faransanci an barbaɗa Sifaniyanci. Ya ce ina hoton garin naku? Na duba wayata. Kun san abin da ke ciki.

Kun ga matsayina ke nan. A gabashin Afirka ni maƙaryaci ne saboda Malabo, a yammacinta ni maƙaryaci ne saboda Dindir. Ku sani akwai rumfa a bakin teku inda har yau, in ana raha, ake ba da labarin wani mai rawani da ya ce wai akwai ku.

Kada ku ce na dawo ina yabon gidan wani. Na ga abin da ya sa na riƙe baki. Tun da aka haƙo mai a teku a tsakiyar shekarun 1990 kuɗi suka shigo kamar ambaliya, amma ambaliyar gefe ɗaya ta bi. An kai ni Sipopo, inda aka gina gidaje 52 na alfarma don shugabannin da suka zo taron Tarayyar Afirka a 2011, titi shimfiɗe kamar tabarma, fitilu reras, ba kowa sai masu gadi. Na kuma shiga Kampo Yawunde, unguwar katako da kwano, mata da yara a layin famfo da jarkoki kamar a ƙauyenmu. Kwanon shinkafa ɗaya kuɗinsa ya ciyar da gidanmu yini. Shugaban ƙasar, Obiyang, yana kan kujera tun 1979, in ka ambaci sunansa a mota sai kowa ya shiga kallon taga. Wannan shirun ba baƙo ba ne a wurina.

A hanyar Luba muka tsaya a gonar koko ta Sampaka. Ɗan itacen a jikin gangar bishiya da manyan rassa yake fitowa, kamar ƙari. Aka fasa mini ɗaya: farin ɓargo mai zaƙi da ɗan tsami, ƙwallon ciki kuwa ɗaci kamar maɗaci. Daga wannan ɗacin ake cakulan. Dubban leburori daga kudancin Nijeriya ne suka riƙe waɗannan gonaki shekara da shekaru, suna kiran tsibirin Panya, har azabar mulkin Masiyas Ngema ta sa gwamnatin Murtala ta kwashe su a 1975 da 1976. Ina tsaye a inuwar kokon sai na tuna da iyayenmu a hawashar Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, sun duƙa suna tsinkar audugar da za a saƙa a Ingila. Su ba su sha cakulan ba, namu ba su sa yadin ba.

To, dattawa, na iso gare ku, na cire takalmi. Ranka ya daɗe Umda, kai ka ce tafiya uku ce: Hajji, fatauci, neman ilmi. Ta huɗu ta mahaukaci ce. Ka ce kallo ba sana'a ba ne, in ba haka ba da akuya ta yi arziki. Ban isa in yi musu da kai ba, tambaya kawai zan yi. Daga wannan tashar da na tsaya ina leƙe, a 1854, wani jirgi mai suna Pleiad ya tashi da wani likita Bature, Baikie. Ya shiga Kwara, ya haura Binuwai, yana shan kwinin, yana kallo, yana rubutawa. Ba Hajji ya je ba. Daga baya ya zauna a Lakwaja har ya iya Hausa. A Lakwajan nan ce Lugga ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1900. A 1903 Kano ta faɗi, Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu. Ranka ya daɗe, mai kallo ya zo da ido, ya koma da taswira, na bayansa suka zo da igwa. In kallo wasan yara ne, me ya kawo mu Dindir?

Kuma ban gama tona wa kaina asiri ba. A masauƙinmu na haɗu da wata Baturiya 'yar Sifaniya mai binciken birai a dajin tsibirin. Da ta ji sunan garinmu sai ta miƙe tsaye. Dindir? Gandun dajin Dindir? Ta san an kafa shi a 1935. Ta san faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu goma, ta san UNESCO ta sa shi a jerinta a 1979. Ta san mayoyi, fadamun nan da ke riƙe ruwa in kogi ya ƙafe, ta san sansanin Galagu. Ta ce burinta a duniya ta je. Sai ta tambaye ni sau nawa na ga zaki. Jama'a, na ƙetare Afirka don in ga jemage, ga zaki a bayan gidanmu ban taɓa kai masa gaisuwa ba. Na ce mata manyana zan ba ta labari.

Ku ma kada ku yi dariya. Waɗanda suka taɓa shiga gandun a cikinku, zuma suka je sata, ko itace, ko kifin maya, ido ɗaya a kan kaya ɗaya a kan masu gadi. Wannan ba kallo ba ne, waige ne. Da na dawo, rani na zagayowa na nemi mota zuwa Galagu, na yi shela a rumfar shayi, kowa ya ce yana da uzuri. Na tafi ni kaɗai da direba. Na ga ɓauna garke guda sun yi baƙi a bakin maya. Na ga gadu yana gudu da wutsiya a tsaye kamar eriyar rediyo, na ga jimina, na ga gwaggon biri zaune a kan hanya yana dubana yadda Umda ke duban mai neman bashi. Zaki ban gan shi ba, amma cikin dare na ji shi, har gadon da nake kai ya amsa. Na dawo na faɗa muku. Kuka ce jaki ne.

Sauran labarin kun fi ni saninsa, kuma ba na wasa ba ne. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ya iso mu a daminar 2024. Masu cewa ba a tafiya sai da dalili, dalili ya zo har ƙofar gida, ba wanda ya ji daɗinsa. Aka bi taɓo da ƙafa, da yara a wuya, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu har bakin teku. Allah ya jiƙan waɗanda ba su kai ba, ya mayar da kowa ɗakinsa. Rumfarmu ta watse, ta koma cikin waya, amma ko a can ba ku fasa ba, kuma wallahi ranar da na ji an sake ce mini maƙaryaci, ranar na san muna da sauran rai.

Ɗan Gwaggo Bur Sudan ya faɗa. Wata rana da yamma ya kira ni, ina jin iska tana kaɗawa a wayar. Ya daɗe bai ce komai ba, abin da bai taɓa yi ba tun da aka yanke masa cibiya. Can ya ce: "Ɗan Kawu, ashe da gaske abin nan ba shi da tsallake." Na ce yana da shi mana, Jidda ce a can, inda kakanmu ya nufa shekara ɗari da suka wuce, kai ne ka fi kowa a gidan matsawa kusa. Na ce ka ɗanɗana? Ya ce ya ɗanɗana. Na ce to, Malabo fa? Ya ce: "Teku dai na gani. Malabo sai ka kawo hoto."

Ba komai. In hanya ta yi lafiya, ƙasa ta bushe, ga motar Galagu nan. Man fetur nawa, shayi da sukari naku. Umda a gaba, Liman a bayansa saboda addu'a, Kaka a kusa da ni in ta janye maganar saki. Kai kuma ɗan Gwaggo, a bakin ƙofar tanti za ka kwana, don in jakin nan ya yi kuka cikin dare, kai za ka fita ka ɗauko mana hotonsa.